Sellers Biyu: Ɗaya Don Su, Ɗaya Don Mu

'Yan'uwa na rassan Magarya da Dungas, da na Bande da Waca da Sasumburum, da na Malawa da Guci da Dogo-Dogo: Yau maganar silima za mu yi. Mun san akwai wanda zai taɓe baki ya ce, ga tsadar hatsi, ga rashin hanya, ga yara ba aiki, me ya kai mu ga ɓarayin birnin London? Ya yi haƙuri ya saurara. Abin da aka hana mutum bai tsaya ga abin sawa a baki kaɗai ba. Akwai wanda aka hana shi gona, akwai wanda aka hana shi magana, mu kuwa a cikin abubuwan da Nasara ya auna mana da ƙaramin mudu har da dariya.

Tun daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu har zuwa wajen 1965, Turawan Ingila sun yi ta yin wasu finafinai masu araha, galibinsu baƙi da fari, a kan ɓarayi marasa sa'a. Arahar tana da tushe. A 1927 majalisarsu ta yi doka ta tilasta wa gidajen silima su riƙa nuna wani kaso na finafinan gida, don kada na Amurka su cinye kasuwar. Sai 'yan kasuwa suka ga ƙofa, suka shiga buga finafinai da gaggawa kamar masu toya ƙosai, don dai a cika kason. A 1950 kuma aka fara cire wani ɗan abu daga kuɗin kowane tikiti ana mayar wa masu yin fim na ƙasar. A lokacin, mai sayen tikiti fim biyu yake gani a zama ɗaya, babba da ƙarami, ƙaramin nan bai cika wuce awa guda da 'yan mintoci ba, a cikin 'yan makonni ake ɗaukarsa. Me ake bukata? Mota ɗaya, akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi ɗaya, ɗaki biyu, lungu ɗaya, da mutum huɗu ko biyar masu iya murɗa fuska. Labarin sata ya fi kowane labari sauƙin kaya, shi ya sa ya yawaita, a ƙananan finafinan da ma waɗanda suka ɗan fi su tsoka.

Bari mu ba ku labarin ɗaya, wanda ya buɗe wa sauran hanya. Sunansa The Lavender Hill Mob, watau gungun unguwar Lavender Hill, an yi shi a 1951 a gidan fim na Ealing. Alec Guinness ya fito a matsayin wani akawun banki mai suna Holland, shiru-shiru, mai sunkuyar da kai, shekara ashirin yana rakiyar sandunan zinariya daga wurin narkewa zuwa banki, ba a taɓa kama shi da ko anini ba. Manyansa suna ganin ba shi da wayon da zai yi sata. Ashe shekara ashirin ɗin nan lissafi yake yi. Abin da ya tsare shi ɗaya ne, yadda zai fitar da zinariyar daga ƙasar. Sai ya gamu da wani mai ƙera 'yan kayan tsaraba, wanda ke zuba ƙananan siffofin hasumiyar Eiffel ta birnin Paris ana kai wa Faransa ana sayar wa baƙi. Suka ɗauki ƙwararrun ɓarayi biyu, suka sace zinariya ta fam miliyan ɗaya, suka narka ta, suka zuba ta a siffar hasumiya, ta ƙetare ruwa a gaban ma'aikatan duwan. Can a Paris aka yi kuskure aka sayar wa wasu 'yan mata 'yan makaranta guda shida. Suka bi, suka karɓo biyar, yarinya ɗaya ta ƙi, ta kai tata ta ba wani ɗan sanda kyauta. Daga nan sai gudu da kora. Ɓarayin suka saci motar 'yan sanda, suka yi ta ba da umurnin ƙarya ta rediyon motar, har motocin hukuma suka yi ta karo da juna a tsakiyar titi. A ƙarshe an kama Holland a birnin Rio, amma sai da ya ci rabonsa ya more.

Ku lura da abu guda. Marubucin labarin, T. E. B. Clarke, wanda ya taɓa yin aikin ɗan sanda a lokacin yaƙi, shi da kansa ya ba da labari cewa ya je Babban Bankin Ingila ya nemi shawarar yadda za a yi a sace zinariyarsu, ma'aikatan bankin kuwa suka zauna suka taya shi tsara satar. Ba a ɗaure shi ba. Lambar Oscar aka ba shi.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A 1955 aka yi The Ladykillers, shi da launi: ɓarayi biyar sun kama haya a gidan wata tsohuwa kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, sun ce su makaɗa ne, suna kunna faifai a ɗaki suna shirya fashi. Sun saci fam 60,000, tsohuwa ta gane, suka ce a kashe ta, aka rasa mai zuciyar yi, suka ƙare suna kashe juna ɗaya bayan ɗaya. Da tsohuwa ta je ofishin 'yan sanda ta faɗi gaskiya, sai suka ɗauka ruɗin tsufa ne, suka ce ta riƙe kuɗin. A 1959 aka yi Too Many Crooks: wasu sakarkarun ɓarayi sun je sace 'yar wani attajiri, suka sato matarsa, attajirin ya ce ko kwabo ba zai biya ba, su riƙe ta. Matar ta ji da kunnenta, ta karɓe shugabancin gungun, ta tatse mijin. A 1960 aka yi Two-Way Stretch: fursunoni uku suna zaune a kurkuku kamar a masaukin baƙi, ana kawo musu madara da jarida da safe, suka fita da dare ɗaya suka sace lu'ulu'un wani sarkin Gabas a hannun sojojin da ke rakiya, suka koma kurkukun suka kwanta, don ba wanda zai tuhumi mutumin da ke kulle. A 1963 aka yi The Wrong Arm of the Law: wasu baƙi daga Ostareliya sun sa kayan 'yan sanda suna ƙwace wa ɓarayin London abin da suka sato, har ɓarayin gari suka je suka ƙulla yarjejeniya da 'yan sandan gaske don a kama na jabu. A cikin uku daga finafinan nan huɗu akwai wani ɗan wasa mai suna Peter Sellers. Ku riƙe sunan.

To, wa ake yi wa dariya a duk waɗannan? Ɓarawo, i, ana yi masa, don hukumar tace finafinai ta Ingila ba ta son a nuna sata ta yi riba. Amma ba shi kaɗai ba. Sufeton 'yan sanda wawa ne mai son girma. Babban gandiroba mai hargowa ne, kullum shi ke faɗawa rami. Hafsan soja ana yi masa wayo kamar yaro. Attajiri marowaci ne, manajan banki makaho ne, har mai rigar limamin coci ɗan damfara ne. Lebura da direban bas da mai wankin kwano su biya 'yan sulallansu ran Asabar da dare, su zauna su ƙyaƙyata wa duk wanda ke bisa kansu a sauran kwana shida na mako. Gari ya waye, gwamnati ba ta faɗi ba, sarauniya na kan gadonta.

Yanzu ku juyo gida. Mu ma an aiko mana da Sellers, suna ne ya zo ɗaya. Namu William Sellers, ma'aikacin kiwon lafiya ne a Ikko, shi ya shahara da yawo da motar majigi yana nuna wa mutane illar ɓera da ƙazanta. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa ofishin yi wa ƙasashen mulkin mallaka fim, ta ɗora shi a kai, ofishin ya yi aiki har 1955. Kakanninmu na wannan yanki, ko da yake Faransa ke mulkinsu, ba baƙin majigin nan ba ne, don ƙafarsu ba ta rabuwa da Babura da Maigatari da Daura da Kano, wajen cin kasuwa da cin rani da kai gyaɗa. Mota ta zo filin ƙofar fada da almuru, a kafa farin ƙyalle, a tayar da inji, mai fassara ya hau da lasifika. Me za a nuna? Yadda ake gina masai. Yadda ake wanke hannu. Yadda ake biyan haraji da wuri. Mutum biyu, ɗaya mai hankali da ya bi maganar Bature ya yi arziki, ɗaya wawa da ya ƙi ya tsiyace. A 1940 har sun yi wani mai suna Mr English at Home, don a nuna mana yadda magidancin Ingila ke tashi da safe, ya yi wanka, ya tafi aiki, matarsa ta gyara gida, kowa cikin natsuwa, ba mai ɗaga murya. A wannan gida ba akawun da ke lissafin sace zinariya.

Ba mu ce wanke hannu laifi ne ba, kada wani ya juya mana magana. Masai abu ne mai kyau. Abin da ke ci mana rai shi ne dalilin da suka bayar. William Sellers ya shimfiɗa ƙa'ida cewa baƙin mutum wanda bai yi boko ba ba ya iya bin fim irin na kowa, sai an yi masa a hankali, hoto ya daɗe bai canja ba, kada a yi dabarar kyamara, kada a tsallake lokaci, kada abu biyu su motsa tare. Suna da wani labari da suke yawan maimaitawa a tsakaninsu: wai an nuna wa 'yan ƙauye fim na tsabta, da aka gama aka tambaye su me suka gani, suka ce kaza. Aka koma aka duba, ashe wata kaza ce ta gifta a gefen hoto na ɗan lokaci. Nasara ya ce, kun gani, ba su fahimta. Mu kuwa muna cewa, a cikin fim ɗin da mutum yake ta zubar da ruwan gwangwani, kazar ce kaɗai mai rai, kuma ita ce kaɗai abin da ke da kuɗi a kasuwa. Wanda ya hango abin da mai kyamarar kansa bai gani ba, shi ne makaho? Mutanen da ke riƙe tatsuniya mai rassa bakwai a ka, masu warware karin magana tun kafin mai yi ya rufe baki, su ne ba za su iya bin ɓarawo daga ɗaki zuwa mota ba?

Maganar rashin fahimta mayafi ce. Abin da ke ƙarƙashinsa tsoro ne, kuma sun faɗa da bakinsu. Sir Hesketh Bell, wanda ya zama gwamnan Arewacin Nijeriya a 1909, ya yi rubutu a jaridar The Times a 1926, ya kuma maimaita a kwamitin da gwamnatinsu ta kafa kan finafinan ƙasashen mallaka, wanda ya ba da rahoto a 1930. Abin da yake nufi a taƙaice shi ne, mulkin Bature a kan waɗanda ya mallaka ya dogara ne ga kwarjinin da suke ganinsa da shi, finafinan da ke nuna Turawa suna sata da shashanci kuwa sun riga sun zubar da wannan kwarjini a Indiya da ƙasashen Gabas, don haka a tare abin kafin ya ci Afirka. Kun ji. Bai ce ba za mu gane ba. Tsoronsa kada mu gane. A Rodeshiya ta Arewa, wadda ita ce Zambiya yanzu, har tantancewa ta dabam aka yi wa finafinan da za a nuna wa baƙar fata, ana yanke wurin da aka aikata laifin da ɗan Afirka zai iya ganewa da sauƙi, da wurin da aka rufe fuska, da wurin da 'yan ƙasa suka kama Bature suka ɗaure. In aka bi fim ɗin ɓarayi da wannan almakashi, me zai rage? Sunayen 'yan wasa.

Gidajen silima na kuɗi sun zo Kano, gaskiya ne, Rex ta buɗe tun 1937 a wajen ganuwa, wasu suka biyo baya, ana nuna na Amurka da na Ingila, daga baya na Indiya suka mamaye. Amma wannan na mai kuɗin tikiti ne a babban birni, kuma sai abin da ya tsallake hannun masu tacewa. Talakan karkara, wanda shi ne mafi yawa, rabonsa majigi.

Kada 'yan'uwa su ce ai wannan laifin Ingilishi ne, namu Nasaran dabam ne. Namu ya fi tsanani. A 1934 ministan ƙasashen mallaka na Faransa, Pierre Laval, ya sa hannu a dokar da ta ce ba mai ɗaukar fim a ƙasashenmu sai da izinin gwamna, sai an ga labarin, an san wa zai fito, an san me za a faɗa. Wannan Laval shi ne wanda Faransawa da kansu suka harbe a 1945 saboda haɗa kai da Jamus, amma dokarsa ta rayu a kanmu har zuwa samun mulkin kai. Wani saurayi Bafaranshe, René Vautier, ya ɗauki hoton abin da idonsa ya gani na zalunci a ƙauyukan Afirka ta Yamma, ya fitar da Afrique 50 a 1950, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, aka hana nuna fim ɗin shekaru kusan arba'in. Paulin Vieyra da abokansa, ɗalibai baƙar fata, da suka so yin fim a 1955, ba a ba su izinin yi a gida ba, sai a titunan Paris suka yi Afrique sur Seine. Gidajen silima na biranenmu kuwa kamfani biyu ne suka riƙe musu wuya, COMACICO da SECMA, abin da suka ga dama shi za a gani. Kuma kafin 1946, a ƙarƙashin dokar da aka keɓe wa 'yan ƙasa, kwamanda yana da ikon jefa mutum a kurkuku kwanaki ba alƙali ba shari'a, a kan abin da ya kira rashin ladabi. Tsofaffinmu sun san mene ne rashin ladabi a wajen kwamanda: ka wuce ba ka sauka daga jaki ba, ko ya ga haƙoranka a lokacin da bai ba da dariya ba. Wanzami ba ya son jarfa.

Akwai kuma abin da finafinan ɓarayin nan suka ɓoye, kada daɗinsu ya sa mu manta. Ɗan sandan da ke cikinsu ba ya riƙe bindiga, kulki ne da usur, mai fara'a, mai taimakon tsohuwa ta ƙetare titi, in ɓarawo ya zille masa sai ya sosa ƙeya. A gida haka suka ajiye shi. Wanda suka aiko waje wani ne dabam. Ran 18 ga Nuwamba 1949, a ramin kwal na Iva Valley kusa da Enugu, 'yan sanda a ƙarƙashin hafsa Bature suka buɗe wuta a kan leburori masu yajin aiki, mutum 21 suka mutu. Ran 3 ga Maris 1959, a sansanin Hola a Kenya, masu gadi suka kashe fursunoni 11 da duka, hukuma ta fara cewa wai ruwa suka sha suka mutu. A shekarar nan ce mutanen London ke riƙe ciki suna dariyar Too Many Crooks, shekara mai zuwa kuma suna kallon fursunan da ake kai wa madara da jarida har ɗaki. Hukuma ɗaya ce, sarauniya ɗaya, hula iri ɗaya.

Sa'an nan zinariyar da Holland ya sata, ta wace ce? Ingila ba a san ta da ramukan zinariya da za su cika banki ba. Da yawa daga abin da ke taruwa a London daga ƙarƙashin ƙasar Afirka ta Kudu da Gwalkwas ya fito, baƙaƙen hannuwa suka haƙo. Fim ɗin bai tambaya ba, 'yan kallo ma ba su tambaya ba. Mu da muke da karin maganar da ke cewa sata a gidan ɓarawo rance ce, mun ga wani abin dariya a ciki wanda marubucin bai sa ba. Kuma ku dubi siffar da aka ba dukiyar: zinariyar Ingila a cikin rigar hasumiyar Faransa, ta ratsa iyaka lami lafiya. Waɗannan ƙasashe biyu su ne suka zauna a 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi a takarda, sa'an nan daga 1906 zuwa 1908 Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu, suka raba Magarya da Babura, suka raba Dungas da Maigatari, suka bar wa a wata ƙasa ƙane a wata. Daga ranar nan wanda ya kai wa ƙanwarsa buhun gero ya zama ɗan sumoga. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, wane ne a cikinmu bai ga abin da ya fi na Ealing ban dariya da ban tausayi ba? Buhun shinkafa ya yi rawani ya hau babur. Jarka ta yi goyo. Mai tsaron hanya ya juya baya yana duban gabas, hannunsa ɗaya a buɗe ta yamma. Labari yana zube a ƙasa tun daga Tinkim, ba mai tsinta.

Ba kuwa don ba mu iya ba. Wa ya riga mu yin ɓarawo mai ban dariya? Gizo fa? Shi ne ya ci amanar zaki, ya damfari kura, ya yi wa sarki ƙarya a gaban fadawa, kuma kowace kaka ta ba jikokinta labarinsa ba a ce ta koya musu sata ba. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai a tsakiyar kasuwa, malaman suna cikin masu dariya. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da hakimansa. A nan Damagaram muna da wasan kara, samari su yi shigar manya, wannan gwamna, wannan jandarma, da bindigogi da kayan aiki na kara, su yi tafiyarsu da maganarsu a gaban jama'a. Da azumi ga tashe. Iyayenmu sun san cewa mai mulkin da ake iya kwaikwaya a gabansa, ana iya gaya masa gaskiya.

Da aka sami mulkin kai, 'yan ƙasa ba su ɓata lokaci ba. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka zama 'yan ta'adda a ƙauyensu, suna sata suna faɗa suna kiran juna da sunayen Amurka. A shekarar kuma ya yi Bon voyage Sim, na zane, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da faretin soja da jawabai. Da ɗan abin hannunsa ya yi su, ƙasa da abin da mafi arahar kamfanin London zai kashe. Wannan yana daga cikin mutanen da aka ce sai an nuna musu hoto a hankali.

To, ga inda maganar ta zo kanmu, kuma nan ne ya fi ciwo. Nasara ya tafi, ya bar almakashinsa, mu kuma muka ɗauka muka wasa. Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ba gidan kallo a Magarya ko Dungas da bai cika da sunansa ba, ya taɓa yin aikin gandiroba kafin ya koma wasa, ya san hukuma ciki da waje, ya fito a ɗan sanda, ya fito a ɓarawo, ya fito a mai gari. A 2008 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure shi wata biyu a kan wani fim nasa. Ya rasu a Disamba 2014. Peter Sellers ya yi shekaru yana mai da sufetocin 'yan sanda abin wasa, bai kwana a kurkuku ko dare ɗaya a kan haka ba.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta a bakin dattawan kirki, ba 'yan koren kowa ba. Za su ce, fim ɗin sata yana koya wa yara sata, wasa da hukuma kuma yana zubar da mutuncinta, in mutunci ya zube kowa zai yi abin da ya ga dama. Muna girmama masu wannan magana, amma muna roƙonsu su sake saurarenta da kyau, su ji ko muryar wa ke ciki. Maganar Hesketh Bell ce, ta sa babbar riga da hula. Ɓarayin shanu ba su jira silima ba. Wanda ya cinye kuɗin rijiya bai koya a wajen Ibro ba. Kuma duk wanda ya kalli finafinan da muka lissafa ya san ba yaron da zai fito yana sha'awar zama ɓarawo, don ɓarawon ciki kullum ƙafarsa a cikin bokiti take. Abin da yaro zai fito da shi shi ne sanin cewa mai kaki mutum ne, yana kuskure, ana iya tambayarsa takardar shaidar kuɗin da ya karɓa. Wannan sanin ne ake tsoro, jiya da yau. Mutuncin da dariyar 'yan kallo za ta iya rushewa, dama can ba a kan gaskiya aka gina shi ba. Jami'in da ke aikinsa tsakani da Allah zai zauna a layin gaba ya fi kowa ƙyaƙyatawa, don ya san abokin aikinsa da ake nufi.

Ba mu ce kome ya halatta ba. Batsa dabam, cin zarafin mutum da sunansa dabam, wasa da addini dabam, waɗannan jama'a da kansu suna da bakin tsawatawa. Muna magana ne a kan kujera da hula da kaki, abubuwan da talaka ya saya da harajinsa.

Saboda haka ga abin da muke nema daga rassa. A taron da ke tafe, kowane reshe ya sa wani ya karanta wannan takarda da ƙarfi saboda waɗanda ba su yi lakwal ba. Inda akwai mai waya ko mai gidan kallo da zai iya samo ɗaya daga finafinan nan, a samo, a zauna a kalla tare, mai jin Ingilishi ya tsaya a gefe ya fassara kamar yadda mai lasifikan majigi ke yi a da, sai dai wannan karon abin da aka faɗa zai faɗa. A fara da na zinariya, ya fi sauƙin bi. Bayan an gama, a tambayi dattawan da ke wurin abin da suka tuna na majigi da na wasan kara a zamaninsu, wa aka kwaikwaya, wa ya yi fushi, me ya biyo baya, sakataren reshe ya rubuta. Samarin da ke da ƙungiyar wasan kwaikwayo a Bande ko Malawa, a ba su tabarma da fitila da fili ran kasuwa da yamma, kada a tsaya tambayarsu wa za su kwaikwaya. In wani mai muƙami ya aiko a hana, kada a yi faɗa da ɗan aike, a tambaye shi cikin ladabi wace doka ce, lamba nawa, ta wace shekara, a rubuta amsarsa da ranar da ya zo, a aiko mana tare da rahoton wata.